Michael Gove: shin aikin jarida ya gyara shi a matsayin minista ko ya ɓata shi?

Malam Garba, tsohon ɗan jarida, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka naɗa Michael Gove editan mujallar The Spectator a ƙarshen 2024 nake son mu zauna mu duba rayuwar mutumin nan, domin a cikin 'yan siyasar Birtaniya na wannan zamani ban ga wanda ya fi shi nuna abin da ke faruwa idan mai alƙalami ya hau kujerar mulki ba.

Ga waɗanda ba su san shi sosai ba, an haife shi a Aberdeen a 1967, wasu ma'aurata a Aberdeen suka ɗauke shi riƙo yana ɗan wata huɗu, kuma uban riƙon nasa sana'ar sarrafa kifi yake yi. Ya karanta adabin Turanci a Oxford, ya shugabanci ƙungiyar muhawara ta jami'ar, sannan ya koma Aberdeen ya kama aiki a jaridar Press and Journal, inda har ya shiga dogon yajin aikin da ma'aikatan gidan suka yi a kan 'yancin ƙungiya. A 1996 ya koma The Times a matsayin mai rubuta ra'ayin jarida, ya riƙe muƙaman edita daban-daban a can, har zuwa 2005 da ya ci zaɓen ɗan majalisa mai wakiltar Surrey Heath a jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau. Daga 2010 zuwa 2024 ya riƙe ma'aikatar ilimi, da ta shari'a, da ta muhalli, da ofishin majalisar ministoci, da ta gidaje da ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin firaministoci huɗu.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan. Mai rubuta ra'ayin jarida ana ba shi batu da hantsi, kafin la'asar dole ya yanke hukunci, ya kuma rubuta shi kamar wanda ya shekara yana nazari. Na tuna ranar da na miƙa ra'ayina na farko, editanmu ya ɗauki jan biro ya soke kalmar “wataƙila” sau uku, ya tura mini takardar ya ce jarida ba ta kokwanto a gaban mai karatu. Na yi shekaru ina rubutu da wannan tarbiyya, kuma na san abin da take yi wa zuciya. Ina ganin Gove ya shiga ofis da ita bai taɓa ajiye ta ba, kuma ita ce tushen nasarorinsa da ɓarnarsa duka.

Alhaji Idi, Landan:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na shekara fiye da ashirin a ƙasar nan, kuma zan ce kafin a yi maganar ɓarna a fara ba mutumin haƙƙinsa. Ministoci da yawa a nan suna zuwa su tafi ba ka iya tuna abu ɗaya da suka yi, domin manyan ma'aikatan gwamnati ne ke juya su. Shi kuwa ya shiga ma'aikatar ilimi a watan Mayun 2010 da shirinsa a hannu, kafin ƙarshen Yuli dokar da ta bai wa makarantun gwamnati damar fita daga hannun ƙananan hukumomi su riƙa karɓar kuɗi kai tsaye daga gwamnatin tsakiya ta wuce majalisa. Lokacin da ya zo irin waɗannan makarantu 203 ne, kafin ya bar ofis fiye da rabin makarantun sakandaren Ingila sun koma haka. Ya sake manhaja, ya tsaurara jarrabawar kammala sakandare ta GCSE, ya sauya sakamakonta daga haruffa zuwa lambobi 9 zuwa 1. Ko kana sonsa ko ba ka sonsa, wannan aiki ne na mutumin da ya san abin da yake so ya kuma iya bayyana shi da harshen da kowa zai gane, kuma a gidan jarida ya koyi hakan.

Malama Hadiza, Birmingham:

Baba Alhaji, na yarda da kai a kan abu ɗaya, kuma na gan shi da idona. A 2012 aka fara gwajin haɗa baƙi da wasali ga yara 'yan shekara shida. Kalmomi 40 ake ba yaro ya karanta wa malamarsa, rabinsu ba su da ma'ana ko kaɗan, an ƙirƙire su ne kawai, a gefensu an zana wasu halittu masu kama da dodanni domin yaro ya ɗauka sunan halittar ne. Lokacin da 'yata ta kawo takardun gwaji gida na yi mamakin me ya sa za a sa yarinya karanta abin da ba magana ba, sai daga baya na fahimci ana so ne a tabbatar tana haɗa sautin da kanta, ba hadda ta yi ba. Abin ya tuna mini da yadda muka koyi babbaƙu da farfaru a makarantar allo. A shekarar farko kashi 58 cikin ɗari na yara ne suka kai matakin da ake so, zuwa 2019 sun kai kashi 82. A wannan ba ni da ta cewa.

Amma ni a Birmingham nake zaune, kuma a nan idan ka ambaci sunansa a cikin Musulmi ba karatun yara ake fara tunawa ba.

Nura, ɗalibin aikin jarida, Kano:

Anti Hadiza, don Allah ki yi mana bayani dalla-dalla, domin da yawa daga cikinmu sunan abin kawai muka ji.

Malama Hadiza, Birmingham:

To Nura. A ƙarshen 2013 wata wasiƙa marar sa hannu ta isa hukumar birnin Birmingham. An rubuta ta kamar wani ne yake koya wa abokinsa dabarar da masu tsattsauran ra'ayi za su bi su ƙwace makarantun gwamnati a unguwannin Musulmi, su kori shugabannin makarantun su sa nasu. Ita ce aka sani da wasiƙar Trojan Horse. A watan Maris na 2014 ta fito a jaridu, kuma har yau yawancin waɗanda suka yi nazarinta suna ɗaukar ta a matsayin ƙirƙirarriya. Hukumar duba makarantu ta Ofsted ta shiga makarantu 21, ta sa biyar a matakin da ake sa makarantar da ta gaza, cikinsu har da Park View wadda ita hukumar da kanta ta ba ta matsayi mafi girma a 2012.

Inda gizo ke saƙa shi ne mutumin da Gove ya zaɓa ya yi bincike. Bai ɗauko masanin ilimi ba, bai ɗauko alƙali ba, sai ya ɗauko Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan. Hatta shugaban 'yan sandan yankinmu na West Midlands ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da wannan naɗi, domin ya san saƙon da zai isar. Tun kafin a buɗe fayil ɗaya an riga an gaya wa ƙasa cewa maganar ta'addanci ake yi. Rahoton Clarke ya fito a watan Yuli, ya ce akwai wasu mutane da suka haɗa kai suna cusa wani tsattsauran tsari na addini a wasu makarantu, amma ya ce bai sami shaidar ta'addanci ko tsattsauran ra'ayi mai kai ga tashin hankali ba. Ban ce babu laifi a makarantun nan ba. An sami kwamitocin gudanarwa da suka matsa wa shugabannin makarantu lamba, an sami maganganu marasa kyau da wasu malamai suka yi a tsakaninsu, kuma ya dace a hukunta duk wanda aka kama. Sai dai a 2017 shari'ar da ake yi wa manyan malaman a gaban kwamitin ladabtarwa ta rushe, saboda lauyoyin ɓangaren gwamnati ba su miƙa wasu bayanan shaidu da ya kamata su miƙa ba. Kafin nan an riga an raba mutane da aikinsu na shekaru.

Kuma kada a manta, shekaru takwas kafin wannan, a 2006, ya wallafa littafinsa Celsius 7/7 a kan abin da ya kira barazanar aƙidar siyasar Musulunci ga Yammacin duniya. Wato lokacin da wasiƙar ta iso teburinsa ya riga ya rubuta hukuncin, shaida kawai yake jira.

Malam Garba, tsohon ɗan jarida, Kaduna:

Malama, Allah ya saka da alheri, wannan shi ne ainihin abin da nake nufi. Akwai wani ƙarin bayani da ya shafi sana'armu kai tsaye. A tsakiyar rikicin nan, a watan Yunin 2014, sukar da ya yi wa ma'aikatar cikin gida ta Theresa May a kan yadda take tinkarar tsattsauran ra'ayi ta fito a The Times, tsohon gidansa, ba tare da sunansa ba. Faɗan ya yi ƙamari har Firaminista David Cameron ya sa shi ya nemi gafara, mai ba Theresa May shawara kuma ta ajiye aiki. Minista ne a zaune a majalisar zartarwa, amma da ya so cin nasara a gardama sai ya koma wurin da ya fi sanin hanyoyinsa. Bayan wata ɗaya aka cire shi daga ma'aikatar ilimi aka mai da shi babban mai tsawatarwa na jam'iyya a majalisa.

Haka kuma ya yi da malamai. Ya laƙaba wa ƙungiyoyin malamai da masana ilimi na jami'o'i da ma'aikatan ƙananan hukumomi suna ɗaya na raini, ya dunƙule su a matsayin wani dodo mai hana ci gaba. A shafin jarida wannan dabara ce mai kyau, domin mai karatu yana son a nuna masa maƙiyi ɗaya. Amma minista da waɗannan mutanen zai yi aiki gobe da safe. A 2013 manyan ƙungiyoyin malamai, har da ta shugabannin makarantu, suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa.

Alhaji Idi, Landan:

Malam, ban ƙi maganar Birmingham ba, ni ma ta yi mini ciwo, kuma ma'anar tsattsauran ra'ayi da ya kawo a watan Maris na 2024, inda ya tsaya a majalisa ya ambaci sunayen ƙungiyoyin Musulmi uku tare da na wasu ƙungiyoyin masu wariyar launin fata biyu, ta nuna bai sauya ba. Amma idan har tarbiyyar jarida ce ta sa shi taurin kai, me za ku ce game da shekararsa ɗaya a ma'aikatar shari'a? Ya zo a 2015 ya tarar da tsauraran matakan da ɗan jam'iyyarsa Chris Grayling ya bari, ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire takunkumin da aka sa a kan littattafan fursunoni. Ya soke kuɗin da ake tilasta wa wanda aka samu da laifi ya biya kotu, kuɗin da ya sa alƙalan ƙananan kotuna da dama suka ajiye aiki saboda suna ganin yana tura talaka ya amsa laifin da bai yi ba don ya biya kaɗan. Ya kuma tsaya kai da fata har gwamnati ta janye daga kwangilar fam miliyan 5.9 ta horar da ma'aikatan gidajen yarin Saudiyya. A ma'aikatar muhalli daga 2017 masu fafutukar kare muhalli da suka tarbe shi da zargi sun koma suna yaba masa, musamman a kan dokar hana cinikin hauren giwa ta 2018.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na gidaje. Kun san labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, da ya rasu a Rochdale a watan Disamban 2020 saboda fumfunar da ta cika gidan hayar da suke ciki, bayan mahaifinsa ya yi ta kai ƙara ba a saurare shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan gidaje ya san baƙin tabon nan da ke fitowa a kusurwar bango da sanyi, ka goge yau ya dawo jibi. Gove ya je Rochdale ya gana da iyalin, kuma a dokar gidajen jama'a ta 2023 aka sa sashen da ke ɗauke da sunan yaron, wanda ya tilasta wa masu gidajen gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci. Iyalin nan Musulmi ne baƙar fata. Ni a wurina wannan ma ɗabi'ar ɗan jarida ce, wanda ya ga labarin mutum ɗaya ya gane cewa a cikinsa akwai labarin dubbai.

Dakta Bashir, malamin kimiyyar siyasa, Zariya:

Alhaji ya kawo hujja mai ƙarfi, amma ina ganin hujjar tana goyon bayan Malam Garba ne ta wata fuska. Ku lura da bambancin. A shari'a da muhalli da gidaje ya shiga ne ba tare da ya taɓa ɗaure kansa da dogon rubutu a kan batun ba, don haka ya yi abin da ɗan rahoto yake yi, ya tambaya, ya saurara, ya bi shaida. A ilimi da batun Musulunci da Tarayyar Turai kuwa ya shigo da tarin rubuce-rubucen da ya yi shekaru yana kare su a bainar jama'a. Ya goyi bayan yaƙin Iraƙi na 2003 da dukan ƙarfinsa. A 2000 ya rubuta ƙasida yana sukar yarjejeniyar zaman lafiya ta Ireland ta Arewa. Mutumin da sunansa ke saman ra'ayi na shekaru goma yana ganin ja da baya kamar ƙaryata kansa ne. Saboda haka a ganina ba aikin jarida gaba ɗaya ne matsalar ba, aikin mai sharhi ne, kuma ya kamata mu raba su.

Ku duba 2016. A hirarsa da Faisal Islam a tashar Sky News kafin ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ya ce mutanen ƙasar sun gaji da masana, ya ci gaba da cewa yana nufin masanan cibiyoyin da suka saba hasashe suna kuskure, amma rabin farko ne kawai ya tsaya a kunnen duniya. Mutumin da ya yi shekaru yana zaɓen kanun labarai ba zai ce bai san wanne rabi za a ɗauka ba. Masu son ficewa suka yi nasara da kashi 51.9 a ranar 23 ga Yuni. Bayan mako ɗaya, a safiyar ranar da Boris Johnson zai ayyana takararsa ta shugabancin jam'iyya, Gove wanda shi ne ke jagorantar kamfe ɗinsa ya fito ya ce Johnson bai cancanta ba, shi zai tsaya. Ya zo na uku, Theresa May ta ci, ta sallame shi. Ina ya nufa? The Times. A watan Janairun 2017 yana ɗan majalisa mai ci ya je New York ya yi hira da Donald Trump a madadin jaridar.

Nura, ɗalibin aikin jarida, Kano:

Allah ya gafarta Malam, wannan na ƙarshen ne ya fi damuna. A aji ana koya mana cewa ɗan jarida shi ne idon jama'a a kan masu mulki. To idan ƙofa a buɗe take haka, yau kana edita gobe kana minista jibi ka dawo edita, wa zai yarda da abin da ka rubuta tun farko? Kuma mu ma muna da namu. Marigayi Malam Adamu Ciroma ya yi editan New Nigerian kafin ya zama gwamnan Babban Banki ya kuma yi minista a gwamnatin Shagari da ta Obasanjo. Malam Adamu Adamu ya yi shekaru yana rubutu a Daily Trust, sannan ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 2015 zuwa 2023, kuma a hannunsa malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas a 2022, mutane suna ta zaƙulo tsofaffin rubuce-rubucensa suna kwatantawa da abin da yake yi a ofis.

Malam Garba, tsohon ɗan jarida, Kaduna:

Nura ɗana, tsohon rubutu ba ya mutuwa, kuma Gove ma ya ɗanɗana. A 2019 da ya sake neman shugabancin jam'iyya ya amsa cewa ya sha hodar iblis lokacin yana matashin ɗan jarida, nan take aka fito da wani sharhi da ya rubuta a The Times a 1999 yana sukar masu hannu da shuni na Landan da ke son a sassauta dokar miyagun ƙwayoyi. Ya sake zuwa na uku.

Amma ban yarda a rufe ƙofar ba. Ɗan jarida ɗan ƙasa ne, kuma wanda ya shekara ashirin yana cewa a yi kaza yana da haƙƙin ya ce a ba shi ya gwada. Na yarda da rabe-raben da Dakta ya yi, har ma ya gyara mini tunanina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dawowar. Yanzu yana editan mujallar da ta fi kowacce tasiri a cikin jam'iyyar Conservative, bayan Paul Marshall ya saye ta a kan fam miliyan 100. Shugabar jam'iyyar, Kemi Badenoch, wadda ta taso a Legas, shi ne babban jigon da ya mara mata baya a takararta ta farko a 2022. A 2025 kuma aka ba shi kujera a majalisar dattawan Birtaniya bisa sunayen da tsohon firaminista Rishi Sunak ya miƙa. Wato yana cikin masu yin doka, yana kuma yanke shawarar abin da za a buga game da gwamnatocin da shi kansa ya yi wa hidima shekara goma sha huɗu.

Alhaji Idi, Landan:

Malam, a nan wannan ba sabon abu ba ne. Iain Macleod ya bar kujerar minista ya zama editan Spectator a 1963, Nigel Lawson ya yi editanta kafin ya zama ministan kuɗi a zamanin Thatcher, Boris Johnson ma ya riƙe ta yana ɗan majalisa. Mujalla ce ta ra'ayi, kowa ya san ɓangaren da take, ba ta ɓoye ba. Kuma ku tuna Gove ne ya shiga wurin Johnson a ranar 6 ga Yulin 2022 ya gaya masa ya sauka daga kujerar firaminista, Johnson ya kore shi a daren, washegari kuma Johnson ya sanar da murabus ɗinsa. Wanda ya iya wannan ba na jin tsoron zai kasa sukar abokansa.

Malama Hadiza, Birmingham:

Baba Alhaji, sukar abokai ba ta taɓa yi masa wuya ba, 2016 ta ishe mu shaida. Sukar kansa nake jira. Ya nuna yana iya neman gafara idan ya ga dama. A 2010 da ya soke shirin sake gina makarantu fiye da 700, jerin sunayen da ya fitar ya zo da kurakurai, wasu makarantun an ce musu aikinsu zai ci gaba alhali an soke, ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa. A gaban kwamitin binciken annobar korona a 2023 ma ya nemi afuwar iyalan waɗanda suka rasu saboda kurakuran gwamnati. A kan Birmingham kuwa har yanzu yana nan a kan bakansa, yana kare abin da aka yi. Yaran da ke ajin ƙarshe a waɗancan makarantu a 2014 yanzu sun kusa shekara talatin, kuma sunan makarantar da ke kan takardunsu shi ne sunan da ya cika jaridu a lokacin. Yanzu yana da mujalla a hannunsa da ke fitowa kowane mako, yana da shafukan da zai iya bai wa ɗaya daga cikin malaman da shari'arsu ta rushe a 2017 ya ba da labarinsa da bakinsa. Ranar da na ga haka zan dawo wannan zaure in gaya muku.